Yadda ake bin diddigin tarihin layin dogon Kwatano zuwa Yamai

A takarda layin ƙasa biyu ne, Benin da Nijar. A ƙasa kuwa, jirgi bai taɓa tsallake kogin Kwara ba, wanda mutanen Nijar ke kira Isa. Dogon ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya bi ta Allada da Bohicon da Dassa da Savè, ya tsaya a Parakou bayan kilomita 438. Daga nan manyan motoci suka riƙa karɓar kaya, su yi kusan kilomita 320 zuwa Malanville da ke bakin iyaka, su haye gada su shiga Gaya ta Nijar. Wanda bai riƙe wannan tun farko ba zai rubuta tarihin jirgin da bai taɓa zuwa ba.

Fara da jadawalin shekaru, amma ka raba shi gida huɗu: ranar da aka yanke shawara, ranar da aka fara aiki, ranar bikin buɗewa, da ranar da jirgin haya ya fara jigila. Yawancin kurakurai daga cakuɗa waɗannan huɗun suke fitowa. Faransawa sun fara aikin a 1900, dogo ya kai Savè kafin yaƙin duniya na farko, ya yi shekaru a nan, sai a 1936 ya kai Parakou. A 1959 aka kafa hukumar jirgin ƙasa da sufuri ta haɗin gwiwar Dahomey da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahomey ta zama Benin a 1975. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai gaban Shugaba Mahamadou Issoufou da takwarorinsa na Benin da Togo, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a Janairun 2016. Gidan "bikin buɗewa" ya cika ke nan, gidan "jigila" kuwa babu abin rubutawa, don wannan ɓangaren dogon bai shiga zirga-zirgar haya ba, kuma tsakanin Doso da Parakou ba a haɗa ba.

Takardun mulkin mallaka a warwatse suke. Na gwamna janar na Afirka ta Yamma suna Dakar, na ma'aikatar mallaka suna Aix-en-Provence a Faransa, na Dahomey suna Porto-Novo, na Nijar suna Yamai. Nemi fayilolin ayyukan gwamnati da rahotannin shekara na kwamandojin gundumomi, da jaridar gwamnati inda ake buga dokoki da farashin dako. Ka nemi kowane abu da tsohon sunansa, Dahomey ba Benin ba, Savé da Savè duka biyu. Kada ka manta da gidan adana takardu na Kaduna. Dalili shi ne, kafin a karkata hanya, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi, inda dogo ya iso tun 1911, kuma Turawan Ingila suna rubuta abin da ke shigowa daga arewacin iyaka.

Zuciyar tarihin tana cikin shirin da Faransawa suka kira Opération Hirondelle, wato tsattsewa, wanda aka fara a 1953. Manufarsa a janye gyaɗar Nijar daga hanyar Kano da Legas a mayar da ita Kwatano: mota ta sauko da gyaɗa zuwa Parakou, ta koma da kayan da jirgi ya kawo, a daidaita farashin dako don doguwar hanyar ta iya gogayya da gajeriya. Gadar Gaya da Malanville sai a 1958 ta samu, kafin nan fito ake yi. Daga baya uraniyom na Arlit ya bi wannan hanya zuwa teku, farar wuta ta haura zuwa ma'adinan. Saboda haka takardun masu motoci da na duwan, wato kwastan, da na mangazojin Parakou ba ƙarin bayani ba ne, su ne rabin labarin.

Alƙaluma suna da tarko uku. Tan ɗin Faransawa kilo 1,000 ne, na Ingilishi kilo 1,016. Gyaɗa da ɓawo daban, ɓararriya daban: ɓararriya kan tashi kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin mai ɓawo, don haka rahoton da bai faɗi wacce yake nufi ba zai iya nuna maka haɓaka ko faɗuwar da ba ta faru ba. Na uku kuɗi. An ƙirƙiro sefa a 1945, daga 1948 sefa ɗaya faran biyu ne na Faransa, daga 1960 sabon faran ɗaya sefa 50, daga Janairun 1994 sefa 100. Rubuta irin kuɗin da shekararsa kusa da kowane adadi. Kakar gyaɗa kuma tana ratsa shekara biyu, kada ka zuba ta cikin shekara ɗaya.

In ka je kan dogon, tafi da tef na ƙarfe mai mita uku, burushin waya, alli, da waya mai nuna wuri. Faɗin layi ana auna shi daga cikin kan ƙarfe ɗaya zuwa cikin ɗayan, ɗan ƙasa kaɗan da saman, ba daga tsakiya zuwa tsakiya ba. Nan za ka samu milimita 1,000. Tsohon dogon Najeriya 1,067 ne, bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ya isa ya hana tarago ɗaya bin layukan biyu. Auna a miƙaƙƙen wuri, don a kwana akan ɗan buɗa layin kuma ƙarfen ya fi cinyewa.

Sai ka tsuguna ka dubi gefen ƙarfen, siririn wurin da ke tsakanin kai da gindi. Masana'anta kan bar sunanta da shekara a rubuce da haruffa masu tudu, wani lokaci har da wata. Goge tsatsar da burushi, shafa alli a kwance, rubutun zai fito fes, ka ɗauki hoto da safe ko da la'asar lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Amma wannan shekarar ƙera ƙarfen ce, ba ta shimfiɗa shi ba. Ana ciro tsohon ƙarfe daga wani layi a sa a wani, ana kuma sauya wanda ya lalace. Karanta aƙalla goma a jere, ka duba na layukan gefe a tasha, don a can tsofaffin suka fi daɗewa. Lura kuma da alamomin kilomita, waɗanda takardu ke rubutawa PK da lamba. Da su za ka haɗa rahoton gada ko hatsari da wurinsa.

Wajen hira, tsofaffin ma'aikatan jirgi suna da amfani, amma direbobin Gaya da Doso da Maraɗi, da 'yan dako da 'yan kamasho na Parakou, sun fi sanin ɓangaren da ya shafi iyaka. Ga dattijo, "Baba, a wace shekara?" ba ta cika haifar da amsa ba. Tambaye shi zamanin mulkin Diori ne a Nijar ko na Kunce, kafin farin 1973 ko bayansa, buhu nawa mota ke ɗauka, kwana nawa ake jiran tarago. A ƙauyukan da dogo ya ratsa, tambayi yadda aka ɗebi mutane aikin diga, ka gwada da rahotannin kwamanda, waɗanda kan ba da yawan leburori su yi shiru kan yadda aka samo su.

Nemi izinin hukuma a rubuce kafin ka ɗauki hoton gada ko tasha ko ofishin duwan. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ƙetare wannan iyaka ya yi wuya, ya fi sauƙi a raba aikin biyu, mutum ɗaya ta ɓangaren Gaya, ɗaya ta ɓangaren Malanville, da tambayoyi iri ɗaya a hannunsu. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuwa ka ware masa fayil nasa, faɗinsa milimita 1,435 ne, ba ya haɗuwa da na Kwatano ko na Doso.