Yadda za ka daina cewa borrow me, da sauran kalmomin Turanci da ke ba mu wahala

Jiya da yamma a wajen lesin wata ɗaliba 'yar aji shida ta miƙo hannu ta ce min "Malam please borrow me your biro", na ba ta biron amma na ce ta tsaya tukuna, na tambaye ta tsakanin ni da ita waye mai bayarwa waye mai karɓa, sai ta yi shiru tana kallona. Abin ya dame ni wallahi, domin yarinya ce mai ƙoƙari kuma WAEC na gabanta, irin waɗannan ƙananan abubuwan ne suke zaftare wa yara maki a rubutun insha'i ba su sani ba.

Tushen matsalar daga Hausarmu yake, mu kalma ɗaya sai ta ɗauki kayan mutum biyar, shi kuwa Turanci kowane kaya da mai ɗaukarsa. To dabarar ita ce ka daina haddace kalma ita kaɗai, ka riƙa haddace ta tare da abokiyar tafiyarta.

Ɗauki aro. Na ari littafi, na ara masa littafi, duk aro ne a wajenmu. A Turanci mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa shi ke lend. Borrow tana tafiya da from, kamar I borrowed money from my brother, ita kuwa lend mutum ne ke bin ta kai tsaye, please lend me your biro. In kana son biron kuma lallai sai ka yi amfani da borrow to ka juya maganar ta dawo kanka, can I borrow your biro. Sannan in abin ya wuce lent ake cewa, babu wani lended.

Wadda ta fi kowacce rikita mu ita ce ji, don mu da kunne da hanci da harshe da jiki duk ji muke yi, har fahimta ma ji ce. Mutum zai shiga kicin ya ce I am hearing smell of gas, alhali hear aikin kunne ne kawai. Wari ko ƙamshi smell ne, sai ka ce I can smell gas. Ɗanɗanon gishiri a miya taste ne. Zafi, sanyi, ciwo, jiri, duk feel ne, I feel dizzy, kuma wannan ba wasa ba ne domin a gaban likitan da ba ya jin Hausa bayanin da ka yi shi zai bi ya rubuta maka magani. Yunwa da ƙishirwa ma ba sai ka wahalar da kanka ba, I am hungry, I am thirsty, shi ke nan. In kuma kana son tambayar wani ko yana jin Hausa, do you speak Hausa ko do you understand Hausa, kar ka ce do you hear. A nan Hausa ma tana taimako wani wajen, bambancin ji da saurare shi ne bambancin hear da listen, sai dai in za ka ambaci abin da ake saurare, listen ba ta fita sai da to a bayanta, listen to the radio.

Sha ma haka. Ruwa da shayi da kunu drink, amma magani take ake yi, take your medicine, taba smoke, mangwaro da kankana da muke sha su kuma eat suke cewa. Ci kuwa jarabawa pass, zaɓe ko wasan ƙwallo win, cin amana betray. Chop money Turancin buroka ne, a rubutu embezzle ake sawa.

Sai baƙo. Wanda ka gayyata ko ya sauka a gidanka guest ne, wanda ya kawo ziyara visitor, stranger kuma mutumin da ba ka sani ba sam. Ka ga kenan in ka ce wa Bature there are strangers in my house zai iya ɗauka wasu ne suka haura katanga. Rakiya zuwa bakin titi ko tasha see off ce, I went to see my uncle off, escort ta fi kama da rakiyar jami'an tsaro. Sannu da aiki kuma da muke mayarwa well done, su yabo ne da ake yi bayan mutum ya gama abu kuma ya yi shi da kyau, ba gaisuwa ba ce.

Wani zai ce ai Turancin Najeriya ma an yarda da shi, kuma gaskiya ne, a watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Najeriya, ciki har da Kannywood da okada da next tomorrow da severally, daga baya suya ma ta shiga. Ni na ji daɗin wannan sosai. Amma an saka su ne da shaidar cewa na Najeriya ne, don haka a hira da abokai ka sake, a takardar neman aiki ko jarabawar gwada iya Turanci ta IELTS kuwa jibi the day after tomorrow ce, sau da yawa kuma several times, domin severally a wajen lauyoyin Ingila tana nufin kowa daban-daban.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ware ƙaramin littafi, a saman shafi su rubuta kalmar Hausa ɗaya kamar ji ko sha ko kama, a ƙasa su jera jimlolin Hausa biyar da suka faɗa da bakinsu a ranar, sannan a buɗe ƙamus a waya a nemo wa kowace jimla tata kalmar, kuma a karanta misalan da ke ƙarƙashin ma'anar da ƙarfi, can ne za ka ga ko from take so ko to. Wannan makon kalmar kama muke kai, kama ɓarawo, kama haya, kama hanya, kama aiki, kowacce da tata.