Mutuwar yatsu da bitamin D: kurakuran da na gaji da gani

Da zarar mace ta ce yatsunta na mutuwa da daddare, kafin ta rufe baki wata ta ce, "Ƙarancin bitamin D ne, aika kemis a sayo miki." Daga nan ɓarnar take farawa.

Kuskure mafi tsada shi ne a ɗauka ƙwaya za ta saki jijiyar da aka matse. A wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar hanya da jijiyar ji guda ɗaya ke bi tare da igiyoyin tsoka tara masu lanƙwasa yatsu. In wurin ya kumbura, jijiyar ce ke shan matsa. Likitoci na kiran ciwon kafal tanel. Babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe su yi dindiris ko a ji kamar ana tsira allura, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau, mutum ya farka tsakar dare yana yarfe hannu. Wasu bincike sun ga ƙarancin bitamin D a jinin masu ciwon, amma hakan bai tabbatar da cewa shi ya jawo shi ba.

Yayata ɗinkin hula take yi. Wani mai kemis ya ɗora ta a kan bitamin D wata da watanni, kullum yana ce mata, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, a hankali yake aiki." Sai da ta kasa zura zare a allura, kofin shayi ya fara suɓuce mata, sannan aka lura tudun naman gindin babban yatsanta ya lotsa. An yi tiyata, zogin dare ya tafi, amma ƙarfin yatsan bai dawo duka ba, ɗinkin da take ciyar da marayunta da shi ya gagare ta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na biyu shi ne "ai ya yi wa maƙwabciyata aiki". Ke da maƙwabciyarki ba jini ɗaya ba ne! Bitamin D sai ya bi ta hanta da ƙoda kafin ya fara aiki, sannan ya maƙale a wata makama a cikin jiki da ƙwayar gado mai suna VDR ke ginawa. Ita da GC, wadda ke gina abin da ke dakon bitamin ɗin a jini, sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Mutum biyu sai su sha adadi ɗaya, na wannan ya hau a jini, na wancan ya ɗan motsa kawai. Wanda bai ga sauyi ba sai ya ninka. Na ga mai shan ƙwaya mai ƙarfin IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin bitamin ɗin) kullum, alhali ta mako-mako ce, kuma iyakar babba a rana, in ba likita ya rubuta ba, 4,000 ce. Haba jama'a! Yawansa na tara kalsiyam a jini, ya kawo tsakuwar ƙoda.

Shi kansa ciwon kafal tanel ana gadonsa. Binciken tagwaye mata a Birtaniya a 2002 ya danganta kusan kashi 46 cikin 100 na haɗarinsa da gado, wani kuma a 2019 ya gano wurare 16 a ƙwayoyin gado, yawancinsu na ginin jiki da girma ne. Don haka ni ba na ba kowa shawarar kashe kuɗi a gwajin VDR, ba ya sauya maganin da za a yi.

Sauran ƙanana ne. Kar a manta da gwajin suga da na maƙoƙo. Mai ciki ta kwantar da hankali, yawanci yakan lafa bayan haihuwa. A daina tsaga da tausa mai ƙarfi. A daina kwana da hannu a lanƙwashe ƙarƙashin kai.

Ni dai abin da nake sa 'yan gidanmu su yi shi ne su ɗaura madaurin da ke miƙar da wuyan hannu kowane dare na kamar mako shida, a auna jini kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya. In mutuwar yatsun ta koma dare da rana, ko babban yatsa ya fara rauni, ba na jiran mako shidan, asibiti muke nufa a yi gwajin jijiya.