Yadda Ake Haɗa Kiɗan Asid Tekno da Injin Ganga da Sintesaiza

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin kalangu a wajen biki a Nima ko Sabon Zango da ke Akra ya san cewa daɗin kiɗan ba ya tsaya ga bugun sanda kaɗai, domin matsa igiyoyin da makaɗin yake yi a ƙarƙashin hammata shi ne yake sa gangar ta lanƙwasa murya tamkar tana magana. Asid tekno, wani nau'in kiɗan rawa da ake yi da na'urorin lantarki, shi ma a kan wannan hikima ya ginu. Ana tsara gajeren salo guda ɗaya wanda na'ura za ta yi ta maimaitawa ba fasawa, sannan hannun mai kiɗa ya riƙa murɗa sautin har salon ya zama kamar yana sauyawa, alhali bai motsa daga inda yake ba.

Tushen wannan sauti shi ne Roland TB-303, wata ƙaramar sintesaiza, wato na'urar da take ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki, da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1981 bisa zanen Tadao Kikumoto, da nufin ta riƙa yi wa masu jita rakiya da kiɗan bas. Ba ta karɓu ba, aka daina ƙera ta a 1984, ta koma kasuwar gwanjo a farashi mai araha. A can ne matasan Shikago suka tsince ta, kuma a 1987 ƙungiyar Phuture ta fitar da faifan da ya sa aka san wannan sauti da sunan asid. Daga baya makaɗa a Jamus da Landan suka ƙara masa sauri da kaushi, suka ɗora shi a kan kiɗan injin ganga na Roland TR-909 na 1983, aka sami asid tekno. A yau TB-303 ta asali ta yi tsadar da ba ta dace da mai koyo ba, saboda haka ya fi kyau a nemi Behringer TD-3, wadda ta kwaikwayi hanyoyin lantarkin ta asali, a haɗa ta da injin ganga irin su RD-9 ko Roland TR-8S. Bayan su ana buƙatar ƙaramar miksa mai haɗa sautukan wuri guda, da wayar MIDI ɗaya wadda na'urorin suke aika wa juna saƙo ta cikinta, da wayoyin sauti, da hedfon mai kyau, tun da yawancinmu a gidan haya muke zaune kuma haƙƙin maƙwabci yana gaba da kiɗa.

Kafin a kunna komai sai a kula da wuta. Lantarkin Ghana bolt 230 ne, kayan da aka aiko daga Amurka kuwa sau da yawa adaftarsu ta 120 ce, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin a soka. A duba kuma alamar da ke nuna inda wayar da take da alamar + take a bakin adafta, domin ba kowace mai bolt 9 ce take dacewa da kowace na'ura ba, ko da bakinta ya shiga. Wayoyi da soket ana samun su a Zongo Lane da ke Akra, amma sitabilaiza ko UPS, wato na'urar da take riƙe wuta idan an ɗauke, bai kamata a yi rowar kuɗinsa ba, saboda dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa tana iya ƙona na'ura. A lokacin hunturu a riƙa rufe kayan da ƙyalle, domin ƙura idan ta shiga cikin mamurɗai takan sa su ƙarar ƙas-ƙas.

Daga nan sai a ɗaure na'urorin biyu su yi tafiya tare. Injin ganga shi ne jagora: a fitar da waya daga MIDI OUT ɗinsa zuwa MIDI IN na sintesaiza, sannan a saita sintesaizar ta karɓi lokaci daga waje maimakon agogonta na ciki. A sa sauri a kan bugu 140 a minti.

Tsarin ganga ba shi da wuya. Injin yana da gidaje 16 a jere, kamar ramukan dara. A sa babbar ganga a gida na 1, 5, 9 da 13, a sa tafi a na 5 da 13, a sa buɗaɗɗen hayhat, wato sautin faifan ƙarfe, a na 3, 7, 11 da 15, sannan a cike sauran da rufaffen hayhat a ƙasa-ƙasa. Wannan ya wadatar, kuma ƙari a wannan mataki cunkoso ne kawai.

Salon asid shi ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Sintesaizar tana da wata ɗabi'a da take rikita sabon shiga: ana shigar da muryoyi daban, sannan a koma a shigar da lokutansu daban, wato inda za a buga, inda za a ja, da inda za a yi shiru. Sau da yawa abin da ya fito ba shi ne aka nufa ba, kuma a ganina bai kamata a yi gaggawar gyara shi ba sai an saurare shi sau goma, domin irin wannan kuskure yakan fi abin da aka tsara armashi. A taƙaita ga muryoyi uku ko huɗu, mafi yawansu murya ɗaya da ake ɗagawa sama ko a saukar da ita ƙasa da ninki guda. Sai a zaɓi gida uku ko huɗu a sa musu aksan, wanda yake ƙara ƙarfi kuma yake sa sautin ya yi tsalle a taƙaice, kuma idan aka jera aksan biyu ko uku a jere, kowanne yakan hau kan na bayansa har a ji kukan yana ƙara tashi. Silaid kuwa yana sa murya ta zame zuwa ta gaba ba tare da yankewa ba, daidai da matsawar kalangu, kuma ya fi fitowa idan tazarar muryoyin biyu tana da faɗi. Akwai wata dabara da take hana salo gundura: a rage tsawonsa zuwa gidaje 12 ko 7 yayin da ganga take kan 16. Mai 12 zai sake haɗuwa da ganga a farko ne bayan zagaye uku na ganga, mai 7 kuma sai bayan zagaye bakwai, don haka kunne yakan ji abu yana juyawa ko da ba a taɓa komai ba.

Yanzu sai aikin hannu. Mamurɗin katof da ke jikin sintesaizar kamar rariya yake: idan an rufe shi sai ƙasan sauti kaɗai ya wuce, idan an buɗe sai kaifin ya fito. Rezonans yana ƙara kuka a daidai bakin rariyar, mamurɗin ENV MOD yana ƙayyade nisan buɗewarta a kowace murya, DECAY kuma yana ƙayyade saurin rufewarta. A fara da katof a ƙasa, rezonans ya ɗan wuce rabi, sannan a riƙa buɗewa a hankali ƙwarai, a kan zagaye 32, wanda a wannan sauri ya kai kusan daƙiƙa 55. Babban kuskuren masu koyo shi ne su buɗe komai cikin minti na farko, sai ya zama babu sauran inda za a je. Idan an kai ƙololuwa a cire babbar ganga na zagaye takwas, a bar asid shi kaɗai, sannan a dawo da ita tare da rufe katof gaba ɗaya.

Kaushin da aka san wannan kiɗa da shi daga distoshan yake fitowa, wato jirkita sauti da gangan. TD-3 tana da nata a ciki, kuma fedar jita, wato ƙaramar na'urar da masu jita suke takawa don sauya sauti, irin su Boss DS-1 ko RAT tana yin aikin. Kaɗan ya isa, domin idan ya yi yawa bambancin aksan yakan ɓace. Ana iya ƙara amsa-kuwwa mai jinkirin kashi 321 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda ya yi daidai da gidaje uku a wannan sauri. A miksa a rage ƙasan asid kaɗan don ya bar wa babbar ganga wuri.

Wajen ɗauka, a bar sintesaizar ta yi kamar minti goma a kunne kafin a saita muryarta, saboda irin wannan lantarki yakan ɗan karkace da zafi. A shigar da sautin miksa cikin kwamfuta ta manhaja kamar Audacity, a bar sarari don kada ma'aunin ƙarfin sauti ya bugi ja, a yi kiɗan tun daga farko har ƙarshe cikin minti shida ko bakwai ba tsayawa. A ɗauka sau uku ko huɗu, a ɗauki hoton mamurɗan da waya tun da na'urar ba ta ajiye matsayinsu, a bar zaɓen wanda ya fi sai washegari, bayan an gwada shi a babbar sifika da rana.