Yadda ake kunna tsohuwar amfilifaya karon farko ba tare da an ƙona ta ba

Mutum zai sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ƙirar Sansui ko Pioneer ta shekarun 1970 a wurin 'yan gwanjo, yana isa gida sai soket. Kafin ka ce kwabo ɗaki ya ɗauki ƙauri. Abin yana yi mini ciwo, don irin waɗannan an daina ƙera su.

Ka fara juya bayanta ka karanta. Wadda aka yi don kasuwar Japan tana cin 100V, ta Amurka 120V, mu kuwa wutarmu 230V ce. Wasu suna da maɓallin sauya wuta a baya. Idan babu, sai ka sayi taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya fi abin da aka rubuta a jikin na'urar. In mai rediyo ce ta cikin Japan, FM ɗinta daga 76 zuwa 90 ya tsaya, ba za ta kama Freedom Radio ta Kano a 99.5 ba, don haka ka nemi ragi.

Cire murfi ka share ƙura da burushi. Kapasito, wato abin nan mai kamar ƙaramin gwangwani da ke tara wuta, in ya kumbura ko ya yi yoyo, canji kawai. Duba fis ma, in ka ga an naɗa waya a madadinsa, an taɓa ɓarna a ciki.

Yanzu wurin da ake faɗuwa. Nemi ƙwan lantarki na da, mai zare, wat 60 ko 100. LED ba zai yi ba. Yanke layi ɗaya na wayar wuta, mai ɗauke da wutar, ka haɗa ƙwan a tsakani, yadda sai ta ratsa shi kafin ta shiga amfilifaya. Kada ka jona sifika, ka mai da murya sifili, sannan ka kunna. Idan ƙwan ya haska ya dushe nan da nan, lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai abin da ya haɗe a ciki, kashe maza ka kai wa mai gyara. Ƙwan nan ya yi wuya yanzu, in ka samu sayi biyu. Kuma kada ka sa hannu ciki ko da ka zare waya, manyan kapasito suna riƙe wuta.

Sai ka auna bakin da ake jona sifika da mitar auna wuta, ka saita ta a DC. Ƙasa da 50mV (volt ɗaya 1000mV ne) ya yi. In ya kai volt ɗaya, akwai matsala, kada ka jona sifika.

Gwada da sifika mai arha tukuna, mai ohm 8. Maɓallin da ke ƙarƙara, fesa masa maganin wanke maɓalli, ban da man inji. Janareta kuwa, sai da sitabilaiza.