Yadda Ƙasashe Maƙwabta Za Su Haɗa Kai Wajen Yaƙi Da Masu Laifi

Mai safarar makamai ba ya neman izinin kowa idan ya iso kan iyaka, amma ɗan sandan da ya biyo sawunsa tilas ya tsaya a daidai inda ikon ƙasarsa ya ƙare. A wannan giɓin ne miyagu suke fakewa, kuma gwamnatocin da ke son toshe shi da gaske suna da ayyuka a gabansu waɗanda taron shugabanni kaɗai ba ya gama su.

A fara da doka. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2000 ta shimfiɗa hanyar miƙa wanda ake tuhuma da musayar shaidu, ECOWAS ma tana da nata yarjejeniyoyin tun 1992 da 1994. Sai dai sa hannu bai wadatar ba, dole ne kowace ƙasa ta shigar da su cikin dokokinta, domin galibi alƙali ba ya yarda a miƙa mutum sai abin da ake zarginsa da shi ya kasance laifi a ƙasashen biyu.

Daga nan sai musayar bayanai, kuma a ganina a nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. A ɗauki misalin jami'in da ke kan iyaka da ƙarfe biyun dare, fasfo a hannunsa, direba na danna ƙaho, fasinjoji sun ƙosa. Idan na'urar da ke haɗe da rumbun bayanan hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol, wato tsarin I-24/7, tana can babban birni a ofishin da aka kulle tun la'asar, to babu abin da zai yi illa ya buga hatimi mutumin ya wuce. Saboda haka a kai na'urar har bakin iyaka, a tanadar mata wuta da intanet, sannan kowace ƙasa ta ware ofishi guda mai amsa kira dare da rana, da mai fassara a zaune, tunda sau da yawa maƙwabta ba harshen aiki ɗaya suke da shi ba. Jami'ai kuma su san cewa jar sanarwar Interpol, wadda ake fitarwa kan mutumin da wata ƙasa ke nema ruwa a jallo, roƙo ce, ba sammacin kamu ba, dokar ƙasar da aka ga mutumin ce za ta yanke hukunci.

Batun tsallaka iyaka a bi mai laifi shi ne mafi saurin haddasa rigima, don haka a rubuta shi dalla-dalla: nisan da za a shiga, wanda za a sanar, da wanda ke da ikon kamawa. Ƙasashen Turai sun yi haka a Yarjejeniyar Schengen ta 1990. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda aka sake wa fasali a 2015 da hedikwata a N'Djamena, ta raba aikinta shiyya-shiyya, kuma irin wannan tsari yana buƙatar kwamandojin shiyyoyi su riƙa magana da juna kai tsaye.

Kuɗin aiki ya fito daga aljihun ƙasashen da abin ya shafa. Rundunar G5 Sahel, ta haɗin gwiwar ƙasashen Sahel biyar, da aka kafa a 2017 ta dogara ƙwarai da tallafin waje, kuma da siyasa ta juya, Mali ta fice a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi ta a 2023. Shi ya sa ya kamata a rubuta tun farko cewa hulɗar 'yan sanda da kwastan da masu gabatar da ƙara za ta ci gaba ko da shugabanni sun ɓata.

Kada a manta da mazauna kan iyaka, domin su ne suka san baƙuwar fuska da hanyar daji, kuma jami'in da ya saba karɓe musu kuɗi a shinge ba zai ji komai daga bakinsu ba. Duk bayan wata shida kuma a zauna a ƙirga buƙatu nawa aka aika wa maƙwabta, nawa aka amsa, kwana nawa kowace ta ɗauka, a kuma kira ofishin da ya yi jinkiri ya yi bayani.