Kurakuran da masu bindigar lasin ke yi in za su bar wani jiran gida a Legas

Duk shekara in babbar sallah ta ƙarato ko lokacin tafiya aikin Hajji sai ka ga mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun watse, wasu gida Arewa wasu Saudiyya, kuma kowa ya sani a Legas ba a rufe gida wata guda a tafi haka kawai, dole ka samu mai kwana a ciki, ƙanin matarka ne ko yaron shagonka ko wani ɗan garinku da dama yake neman wurin kwana. Wannan duk ba komai. Inda nake so mu tsaya shi ne gidan da akwai bindiga a ciki, ta lasin nake nufi, irin mai baki ɗaya ko baki biyu da wasu 'yan kasuwa da masu harkar shanu da tsofaffin mafarauta suke da ita. Na zauna da masu ita, kuma wlh yadda wasu ke barinta in za su yi tafiya yana tayar min da hankali.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne tunanin cewa bindigar ta gida ce. Alhaji zai kira yaro ya ce "ga ta nan bayan wadirof, in ka ji motsi da dare ka san abin yi", shi a ransa ya bar wa gidansa tsaro. To ba haka doka ta ce ba. Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959 wadda har yanzu ita ake aiki da ita, sunan mutum ɗaya take rubutawa a lasin da lambar bindiga ɗaya, babu wani abu wai lasin gida ko lasin iyali. Bindigar farauta irin wannan Sufeto Janar na 'yan sanda ke da ikon ba da lasinta, ta toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha, fistol da bindigogin soja kuwa sai da izinin Shugaban ƙasa. Duk wanda aka samu bindiga a hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa ba lasin ya aikata laifi, ko da ta yayansa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ga irin ta farauta ɗaurin yana iya kaiwa shekara 5, ga haramtattun kuma shekara 10 ne mafi ƙaranci. Kai kuma da ka miƙa masa ba ka tsira ba, don dokar ta hana ka ba wa wanda ba shi da lasin. Kenan yaron da ya zo taimakonka ka jefa shi cikin abin da bai san hawa ba bai san sauka ba, in wani abu ya faru kana Makka shi za a ɗauka zuwa Panti, ofishin 'yan sandan binciken manyan laifuka na Legas. Gyaran a nan gajere ne, mai jiran gida aikinsa kunna fitila da dare, kulle get, ba wa kaji ruwa, in ya ji abin da bai gane ba ya kira 767 ko 112 ya kira maƙwabta. Bindiga ba ta cikin aikinsa sam. Haka maigadi, ko na kamfani ne, dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana su riƙe bindiga balle wanda ka ɗauka da kanka.

Sai kuma wanda na fi ganin yana kama mutanen kirki, wato kunya. Mu Hausawa muna jin nauyin kulle wa ɗan uwa ɗaki. Ka bar ƙaninka a gida sannan ka sa kwaɗo a ƙofar ɗakinka, sai ka ji kamar ka ce masa ɓarawo, sai ka bar komai a buɗe don kar ya ji ba daɗi, ko ka kulle amma ka ba shi tarin makullan gaba ɗaya har da na akwatin. Ni dai ina ganin wannan kunyar ba ta da gurbi a nan ko kaɗan. Ba amanar yaron ake tuhuma ba. Mai jiran gida mutum ne, abokai za su zo kallon ƙwallo tunda akwai janareto da talabijin, wata rana yayarsa za ta zo da yara su wuni, wani zai shiga ɗaki neman caja ya buɗe wadirof. Wani maƙwabcina ya taɓa ba ni labari, ya tafi Umra ya bar ɗan yayarsa, yaro natsattse mai sallah, da ya dawo ne ya gane cewa abokin yaron ya ɗauki hoto rungume da bindigar ya sa a sitatus na WhatsApp. Allah ya tsare babu harsashi a ciki kuma ba abin da ya biyo baya, amma ka duba mutum nawa suka san yanzu akwai bindiga a wannan gidan, kuma a Legas bindiga ita kanta abin sata ce, akwai masu fasa gida saboda ita kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan uwansa da makami saboda bai sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunsa, to matasa uku a ɗaki da bindiga ana wasa me kake tsammani.

Abin da ya dace ka faɗa masa a fili cikin mutunci: "Ƙanina, ɗakin nan zan kulle shi na tafi da makulli, ba don komai ba, akwai kayan da hukuma ta ɗora min alhakinsu ni kaɗai, rufin asirinka ne da nawa." Mai hankali zai ma ji sanyi a ransa. Ko ka gaya masa mene ne a ciki ko kar ka gaya masa, wannan ya danganta da waye shi, ni a ganina in babban mutum ne da ka yarda da bakinsa gara ya san akwai abu mai lasin a kulle don kar ranar da hukuma ta zo bincike ya rikice ya fara rantse-rantse, amma wurin makulli da lambar sef, wato akwatin ƙarfen ajiya, kam ba nasa ba ne.

Wasu kuma suna ɗauka ɓoyewa ita ce ajiya. Cikin silin, ƙarƙashin katifa, bayan buhun shinkafa a sito, naɗe cikin tsohuwar darduma. Mutumin da zai yi sati huɗu shi kaɗai a gida yana shara yana neman tocila ko maganin sauro babu lungun da ba zai leƙa ba, ba da mugun nufi ba ma. Ajiya ita ce akwatin ƙarfe mai kauri, sef ko kabad na ƙarfe, wanda aka ɗaure da kusoshi a jikin bango ko daɓe yadda mutum biyu ba za su cicciɓe shi su sa a Keke Napep ba. In ba ka da kuɗin na shago, mai walda na kirki zai haɗa maka, amma kar ka zauna kana masa bayanin abin da za ka sa a ciki. Wadirof na katako da ɗan makullin nan nasa ba ajiya ba ce, sukundireba ɗaya ta isa.

Barinta a ɗure, wannan ko maganarsa ba na son yi da tsawo. Ka cire harsashi, ka karya ta ka leƙa bakin da idonka ka tabbatar, kar ka dogara da "ai na san na cire". Harsasai su tafi wani akwatin daban mai nasa makullin, a wani ɗakin in da hali. Mai baki biyu tana rabuwa cikin sauƙi, in ka cire katakon gaba ka ajiye shi wani wuri ko an kai ga bindigar ba ta cika ba, kwaɗon kunama ma yana taimakawa. Ka ƙirga harsasan ka rubuta adadin, ka ɗauki hoton lambar bindigar da na lasin ka ajiye a wayarka.

Akwai kuma abin da 'yan uwanmu da suka taso Kano ko Sakkwato suke mantawa, Legas ba Arewa ba ce wajen laima. Can ka jingine bindiga shekara ka dawo ka same ta yadda take, nan kuwa iskar teku da ruwan Yuni da Yuli cikin 'yan makonni za ka ga tsatsa ta fara ci, musamman in ka bar ta cikin jakar fata ko ta soso da ke riƙe danshi. Ka shafe ƙarfen da man bindiga siriri, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na waya, kuma akwatin kar ya zauna a ƙasa in unguwarku ruwa na shiga gidaje.

In tafiyar mai tsawo ce, ko gidan haya ne da ba za ka iya huda bango ba, ko kai kanka zuciyarka ba ta kwanta da wanda za ka bari ba, kuskure ne ka kai wa aboki "ajiya". Alhaji wane mutumin kirki ne, na yarda, amma in ba shi da lasin wannan bindigar ka kai masa fitina har gida. Dokar ta tanadi ma'ajiyar makamai ta gwamnati, don haka ka ɗauki lasinka tun da sauran kwanaki ka je ka ga DPO na yankinku ko hedkwatar 'yan sanda ta Ikeja ka nemi yadda za a karɓa a ajiye maka. Ka kai ta ba harsashi a ciki, cikin jakarta, lasin a aljihunka, kuma kar ka baro wurin sai da takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar da adadin harsasai da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. Anan ne ma wasu ke gano lasinsu ya daɗe da ƙarewa ba su sabunta ba, shi ya sa nake cewa kar a bari sai ana gobe jirgi zai tashi. Mai irin wadda ake cewa fam-akshin, wadda ake jan katakon gabanta ta ɗura harsashi, shi kuma ya binciki matsayin takardarsa da kyau, don a rubuce dokar ta cire bindiga mai na'urar ɗura kanta daga jerin waɗanda Sufeto Janar ke ba wa lasin.

Wani abu da ba ma son tunawa amma dole, tafiya ce, rai na hannun Allah. In mai lasin ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba wanda kayansa ke hannunsa ya riƙe bindigar, bayan nan ya zama mai riƙe makami ba izini. Saboda haka mutum ɗaya babba, uwargida ko babban ɗanka ko aminin da zai tsaya kan kayanka, ya kamata ya san akwai ta, ya san inda takardun suke, ya san cewa 'yan sanda za a kai wa, ba a sa ta cikin rabon gado kamar agogo ba.

Ranar da ka dawo, kafin a fara raba tsaraba da dabino, ka shiga ka buɗe akwatin kai kaɗai, ka duba lamba, ka ƙirga harsasai ka gwada da abin da ka rubuta. In wani abu ya ɓata kar ka tsaya "bari mu bincika a cikin gida tukuna kar a tona wa yaro asiri", nan ma kwana 14 ne daga ranar da ka sani doka ta ba ka ka sanar da hukumar da ta ba ka lasin, kuma ni ban ga dalilin jira ko na kwana ɗaya ba, don in aka yi fashi da ita a Ikorodu lambar da ke jikinta sunanka za ta nuna. In kuma makullin ya taɓa fita daga hannunka ko na awa ɗaya ne, ka canza kwaɗon.