Kada ku biya magini duka kuɗinsa kafin ruwan farko

'Yan uwa masu gini a Zariya, ku riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki har ruwan sama ya sauka a kan rufin.

Da rani kowane aiki kyau yake yi. Sai damina ta kama za ka ga inda kwano ke yoyo, da bangon da ke shan ruwa. Da na yi gini a Samaru na biya duka, daga baya na yi ta kiran magini bai zo ba.

Amma ku rubuta sharaɗin tun farko, gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu. In ka fito da shi a ƙarshe, rigima ce.

In aikin ya ƙare a Nuwamba, magini ba zai jira Mayu ba. Sai ku sa tiyo ku jiƙa rufin sosai, kuna tare.